Gurguzu da kwaminisanci a wurin 'yan gwagwarmayar haɗin kan Afirka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gurguzu da kwaminisanci abu ɗaya ne a tunanin masu fafutukar haɗin kan Afirka. A ka'idar Markis (Karl Marx, masanin nan Bajamushe), gurguzu mataki ne, kwaminisanci kuma shi ne ƙarshen tafiya, inda babu ajin masu hali da na talakawa, babu gwamnati. Amma ba wannan ba ne ya raba kan jagororin Afirka. Abin da ya fi damun su shi ne: wa ke riƙe da akalar gwagwarmayar?

Dubi George Padmore, ɗan gwagwarmaya daga Trinidad. Ya yi wa ƙungiyar kwaminis ta duniya aiki, sannan suka raba gari wajen 1934, da ya ga Mosko, cibiyar ƙungiyar, ta sassauta wa Ingila da Faransa masu mulkin mallaka saboda tsoron Hitila. A 1956 ya fitar da littafin da ke cewa Afirka ta yi gurguzunta ba tare da karɓar umarnin kowa ba.

Nyerere, shugaban Tanzaniya na lokacin, ya ɗauki wata hanya da Ujamaa (gurguzun zaman 'yan'uwantaka) da Sanarwar Arusha ta 1967, wadda ta shimfiɗa wannan manufa. A ganinsa, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka na gargajiya ya isa tushe, ba sai an yi faɗan aji ba. Senghor na Senegal ma kusan haka.

Nkrumah na Ghana kuwa, bayan juyin mulkin da ya hamɓarar da shi a 1966, ya yi fatali da wannan, yana mai cewa akwai masu cin gumin talaka a cikin Afirka kanta, kuma gurguzu ɗaya ne, na kimiyya. Ni dai a nan na fi ba shi gaskiya, ko da yake sai da mulki ya kuɓuce masa ya fito ƙarara ya faɗa.