Tambaya da Amsa: Mutum-mutumin nan mai tumbi da dariya, na meye?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ina karatu ne a ƙasar Sin, wata ƙawata 'yar can ta bani wani ɗan mutum-mutumi mai ƙaton tumbi sai dariya yake, wai in saka a jaka duk inda zanje zai kawo min sa'a, har tace wasu miƙa shi suke hannu zuwa hannu yana zaga ƙasashe ana ɗaukarsa hoto. Wai shine Buddha ɗin? Kuma meye haɗinsa da tafiya?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya ba shi bane, mutane da yawa nan suke ruɗewa. Buddha na asali, Siddhartha Gautama, a yankin Nepal da arewacin Indiya ya rayu tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, kuma siriri ake sassaƙa shi. Wannan mai tumbin sunansa Budai, wani mai bin addinin Buddha ne ɗan Sin da ya rayu a ƙarni na 10, ana danganta shi da Fenghua a lardin Zhejiang.

Duba naki da kyau, zaki ga kai a aske tal, riga a buɗe, kunnuwa sun zubo, sau da yawa ga carbi a hannu ga buhu a kafaɗa. To buhun nan shine haɗinsa da tafiya, dan labarin da ake bayarwa shine mutumin baida wajen zama, gari gari yake bi da komatsansa a buhu, yara na binsa yana raba musu ɗan abin da ya samu, shiyasa wasu ke danganta shi da tafiya. Daga baya mabiya suka ce ai shine Maitreya, Buddhan da suke jira, kinga dalilin da zaki ganshi zaune a mashigar wuraren bautarsu yana kallon ƙofa. A Japan Hotei suke ce masa, yana cikin allolin sa'a 7 nasu. Shafa masa tumbi kuwa al'adar mutanen gari ce kawai, ba koyarwar addinin bace.

Ni dai a ganina roba ko tagulla bata tsare kowa a hanya, amma ƙawar nan fatan alheri take miki irin yadda ta sani, kar ki gwasale ta. In zuciyarki bata kwanta da ɗaukarsa ba, ki mata godiya sosai, ki faɗa mata addininki bai yarda da riƙe irinsa dan sa'a ba, sai ki mayar mata cikin mutunci, in kin isa kuma ki tura mata saƙo kin sauka lafiya.