Tambaya da Amsa: Filin Siyasa a Rediyo, Adalci ko Ban Dariya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. A majalisarmu, kusan kullum bayan sallar isha'i mukan kama wani filin siyasa na wata tashar FM, inda ake kawo mutum biyu ko uku su yi ta jifan juna da habaici da zambo, mai gabatarwa yana ƙara zuga su, matasa kuma suna ta ƙyaƙyata dariya. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma nakan dara. Sai dai na lura akan yi mako guda ba a ambaci ƙarancin ruwan famfo da muke fama da shi ba, balle halin da 'yan'uwanmu na Isa da Sabon Birni suke ciki, kuma galibi ɓangare ɗaya ne ke cinye lokacin. Ranar da na buga waya na tambayi nawa aka ware wa ruwan sha a kasafin kuɗi, sai aka ce lokaci ya ƙure, aka katse ni. Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, domin ranar da aka cire raha daga shirin, ranar za a daina sauraronsa. Shin akwai dokar da ta wajabta wa gidan rediyo yin adalci tsakanin jam'iyyu? Kuma dole ne sai an zaɓi ɗaya, ko adalci ko nishaɗi?

Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa shekarun da aka yi ana koyar da 'ya'yan jama'a.

Doka kam akwai ta. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, wato NBC, kuma wannan dokar ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar gidajen rediyo, domin kafin nan duk tashar da ka kama a ƙasar nan ta gwamnati ce, ko ta tarayya ko ta jiha, kamar Rima Rediyo ɗinmu. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Rediyo kuma a Kano a 2003, daga nan tashoshi masu zaman kansu suka yaɗu har suka iso Sakkwato. Kundin ƙa'idojin hukumar ya buƙaci a ji kowane ɓangare a duk batun da ake jayayya a kansa, a ba wanda aka zarga damar mayar da martani, a kuma bayyana tallar siyasa a matsayin talla. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara da cewa a lokacin yaƙin neman zaɓe a raba wa jam'iyyu lokaci daidai wa daida, a kuma sa'o'i masu kama da juna, don kada a ba wannan bayan magariba a tura wancan tsakar dare, sannan ta hana watsa kamfe a cikin sa'o'i 24 na kafin ranar zaɓe.

Aiki da dokar ne ke da rauni. A 2019 hukumar ta ci tashoshi 45 tarar naira dubu 500 kowacce saboda saɓa ƙa'ida, amma a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tara. Ko da ma tana da ikon, ba ta da kunnen da za ta saurari kowace tasha a kowane dare.

Amma ni a ganina, Malam, abin da ya katse maka waya ba raha ba ce, kuɗi ne. Gidan rediyo yana shan man dizal, yana biyan albashi da kuɗin lasisi, yana gyaran na'urori, alhali manyan kamfanonin da ke ba da talla mai tsoka sun fi karkata ga Legas da Abuja da Kano. Abin da ya rage wa tasha a gari irin namu shi ne sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da masu maganin gargajiya, da kuma 'yan siyasa, waɗanda su ne suka fi kowa iya biya a kan kari. Saboda haka ake sayar da fili sukutum: ɗan siyasa ko wani na kusa da shi ya biya kuɗin rabin sa'a ko sa'a guda, ya turo masu magana da yawunsa, waɗanda jama'a suka raɗa wa suna sojojin baka. Sojan baka ba a ɗauke shi don ya san kasafin kuɗi ba. An ɗauke shi ne don kaifin harshe, kuma ladansa yana ƙaruwa gwargwadon yadda maganarsa ta zaga gari washegari, a shagunan masu shayi da bakin kasuwa da wayoyin mutane. Idan filin da kuke saurare irin wannan ne, to tambayarka ta faɗo ne a gonar da wani ya riga ya biya kuɗin hayarta, mai gabatarwa kuma ya san wanda zai yi fushi idan ya bar ka ka ƙarasa. Sayar da fili ba laifi ba ne a karan kansa. Laifin shi ne a ɓoye wa mai sauraro, a yi wa talla shigar muhawara, har ma a zaunar da wani rarraunan abokin hamayya don a ce an ji ɓangare biyu.

Abokinka yana da rabin gaskiya, kuma bai kamata a raina wannan rabin ba. Bahaushe bai taɓa raba magana mai nauyi da gishirinta ba. Makaɗan fada sun yi zambo ga abokan hamayyar iyayen gidansu tun kafin a san akwatin rediyo, wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa ko Fulani da Barebari yana ba mutum damar faɗin abin da ba zai faɗu ba da fuska a murtuke, kuma a wannan gari namu Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun malamai mata masu zagaya ƙauyuka, waɗanda ake kira jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru, domin ta san abin da ya yi daɗin ji shi ke zama a ƙwaƙwalwa. Shirin da aka mayar lacca, mutum uku suna karanto alƙaluma da murya ɗaya, manomin da ya wuni a fadama ba zai kai ƙarshensa ba, kuma adalcin da babu mai sauraronsa bai amfani kowa ba. Inda abokin naka ya kauce shi ne zaton cewa raha ba ta samuwa sai an danne wani ɓangare ko an guje wa batun da ya dami mutane. Ai babu abin da ya kai alƙawarin da aka karya ban dariya. A sako muryar ɗan takara yana rantsuwa cewa cikin wata shida ruwa zai wadata, sannan a sako muryar mai kurar ruwa yana faɗin kuɗin jarka a yau, a bar baƙon ya yi bayani: majalisarku za ta yi dariya, kuma za ta tashi da abin da ta ƙaru da shi.

Don haka abin lura shi ne me ake yi wa dariyar. Idan aikin mutum ne da alƙawarinsa da tufka da warwararsa, wannan halas ne a siyasa, wanda duk ya nemi kujerar jama'a ya yarda a auna shi. Idan kuwa asalinsa ne, ko iyayensa, ko halittar jikinsa, ko iyalinsa, ko aƙidarsa, an bar siyasa an koma cin mutunci, kuma ka fi ni sanin nauyin gorin asali a ƙasar Sakkwato, inda kalma ɗaya kan raba gidaje biyu har jikoki.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya. A Amurka, daga 1949 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa tashoshi tattauna batutuwan da suka shafi jama'a tare da kawo ra'ayoyi mabambanta. Da aka soke ta a 1987, sai shirye-shiryen mutum ɗaya mai ra'ayi ɗaya suka mamaye rediyo, irin na Rush Limbaugh wanda aka fara watsawa a faɗin ƙasar a 1988, suka tara miliyoyin masu sauraro da kuɗin talla mai yawa. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne kasuwa ita kaɗai ba ta haifar da adalci, domin fushi da ba'a sun fi natsuwa saurin sayuwa. Misali mafi muni shi ne na tashar RTLM a Ruwanda, wadda ta fara a 1993 da kaɗe-kaɗen zamani da barkwanci har matasa suka saba da ita, sannan ta zama mai zuga kisan ƙare-dangi na 1994, abin da ya sa kotun duniya da ta zauna a Arusha ta hukunta wasu jagororinta a 2003. Ban kawo wannan don in kwatanta wata tasha tamu da ita ba, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne don a san cewa abin da aka shigar ta ƙofar dariya ba ya tsayawa a bincike shi.

Mu kuma nan gida muna da dalilinmu na musamman. A zaɓen gwamna na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, ƙuri'a 342 kacal ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, a zaɓen da kowannensu ya samu sama da ƙuri'a dubu 500. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, inda mutanen ƙauyuka da yawa rediyo ne jaridarsu, ƙarya ɗaya da aka faɗa cikin raha ba a warware ta ba tana iya kai wa ga mutanen da suka ninka wannan adadi kafin gari ya waye.

Ina kuma so ka lura cewa adalci ya wuce ƙirga mintoci. Idan aka ba mutum biyu minti goma-goma kowa ya shirga abin da ya ga dama, an yi wa jam'iyyu adalci amma an zalunci mai sauraro, wanda shi ne mutum na uku a ɗakin kuma don shi aka buɗe tashar. Ma'aunin da nake amfani da shi idan ina sauraro shi ne ko mai gabatarwa yana iya cewa "ina hujjarka?" ga ɗan jam'iyya mai mulki da irin muryar da yake faɗa wa ɗan adawa, ko kuwa ɗaya ake kira ranka ya daɗe ɗaya kuma a yi ta katse shi. Sai kuma wa ya zaɓi batun ranar, da ko ana jin ƙananan jam'iyyu da mata da mutanen da abin ya shafa kai tsaye, kamar wanda ya baro gonarsa a gabashin jihar saboda 'yan bindiga.

Ba na goyon bayan a magance wannan da rufe baki. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, abin da ya jawo suka daga 'yan jarida da masu kare haƙƙi. Gwamnati ɓangare ce a wannan jayayya, ba za ta zama alƙali a cikinta ba, kuma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin labarai nauyin bin diddigin masu mulki.

Abin da zan ba ka shawara, Malam, shi ne ka rubuta wa shugaban tashar takarda, ka sa ranar da lokacin da aka katse ka, ka tambaye shi a fili ko shirin na tasha ne ko saye aka yi, in saye ne ka nemi a riƙa faɗa a farkonsa da ƙarshensa. Idan mutum goma na majalisarku suka sa hannu, takardar za ta fi nauyi, domin tasha da masu sauraro take cin abinci. In ba a kula ku ba, kuna iya kai koke ga hukumar NBC. Tambayarka ta ruwa kuma kada ka bar ta: kasafin kuɗin jiha a gaban majalisar dokoki ake gabatar da shi, ba asiri ba ne, ka aika da ita a rubuce kafin a fara shirin yadda ba za a fake da ƙurewar lokaci ba.

TAMBAYA

Ni ɗaliba ce da ke koyon aiki a wani gidan rediyo a nan Sakkwato. Sau da yawa mukan gayyaci ɓangarori biyu, ɗaya ya ƙi zuwa, daga baya kuma ya zarge mu da son kai. Mu soke shirin ne ko mu ci gaba?

Daga wata mai karatu a Arkilla, Sakkwato.

AMSA

Malama, ku ci gaba, domin idan ƙin zuwa yana soke shiri, kun miƙa wa kowane ɗan siyasa makullin tasharku. Ku aika da gayyata a rubuce ku ajiye shaidarta, ku faɗa wa masu sauraro a farkon shirin cewa kun gayyaci wane a rana kaza bai samu zuwa ba, ba tare da ba'a ko habaici ba, sannan ku bar masa ƙofa a buɗe a shiri na gaba. A cikin shirin kuma nauyin wanda bai zo ba yana komawa kan mai gabatarwa: ta nemo abin da ɓangaren ya taɓa faɗa a bainar jama'a a kan batun, ta karanto shi yadda yake, ta kuma yi wa baƙon da ya zo tambayoyin da abokin hamayyarsa zai yi masa da yana zaune. Idan shirin na kai-tsaye ne mai karɓar waya, ki tambayi injiniyanku ko akwai na'urar da ke jinkirta sauti na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya fita, domin duk zagin da mai kira ya yi, tashar da ta watsa shi ce za a tuhuma.