Amsa ga Hajiya kan babbar wayar da ɗanta ya aiko mata

Assalamu alaikum. Hajiya, sannu da haƙuri. Na karanta abin da kika rubuto a wannan zauren namu na hira jiya da daddare, cewa ɗanki ya aiko miki da babbar waya daga Abuja amma tsoron taɓa ta kike yi, jikoki kuma da kin tambaye su abu sai su fizge su yi miki su miƙo, ba ki ga yadda aka yi ba. Kin tambaya ko ki koma wa ƙaramarki mai madannai ki huta, kuma ko ya dace ki bari a sa miki harkar banki a cikin sabuwar. Wallahi zuciyata ta sosu, don duk abin da kika lissafa babu wanda bai same ni ba, har da wanda ba ki kai gare shi ba tukuna, Allah kuma ya sa kada ki kai.

Abu na farko, ki daina cewa kanki ne ya tsufa. Na ga kin maimaita wannan maganar a rubutunki, kuma ta ɓata min rai. Mu da muka yi shekara da shekaru muna koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali, muna cika rajista da hannu, muna haɗa sakamakon aji guda babu na'urar lissafi, yau mu ne za a ce waya ta gagare mu? Ai a gabanmu GSM ta zo a 2001, lokacin da layi kaɗai ake saye sama da naira dubu goma, kuma muka koya. Abin da ya bambanta yanzu shi ne babu mai zama ya koya mana. Yaron da zai fizge waya ya daddanna cikin ƙiftawar ido ya ce "ga shi nan, Hajiya" bai koya miki komai ba, ya dai sallame ki ne. Da mu haka muka yi musu a aji ɗaya, da ba su iya rubuta sunansu ba.

Kan maganar banki kuwa, bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni, sai ki yanke hukunci da kanki.

Kin tuna halin da muka shiga a farkon 2023 da canjin kuɗi. An ce daga 31 ga Janairu tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya sun daina aiki, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, muka kwashe na hannunmu muka kai banki, sababbin kuma babu. Ni a lokacin ban taɓa tura ko sisi ta waya ba. Fanshona ya shigo, in je in ciro, shi ke nan. Sai ga shi mai kayan miya yana cewa a tura masa, mai magani yana cewa a tura masa, a bakin banki kuma mutane tun asuba suke kama layi, ƙafata ba za ta iya wannan tsayuwar ba. Ga marayu a gabana, 'ya'yan ɗana mai rasuwa.

Akwai yaron maƙwabtanmu da ke sana'ar POS a bakin layinmu. Hajiya, yaron nan a hannuna ya iya karatu. Da uwarsa ta haife shi ni na kwana da ita a asibiti. Tuwon gidana ya ci ya girma, ba ya kirana da komai sai Mama. Shi ya zo har ɗaki ya ce, "Mama, wannan wahalar ta isa, kawo in buɗe miki yadda za ki riƙa turawa ta waya." Na ji daɗi har na yi ta sa masa albarka. Ya karɓi wayar da katin cire kuɗi, ya daddanna lambobin nan masu farawa da tauraro, ya ce a zaɓi lambar sirri, shi ya zaɓa min da kansa, wai mai sauƙi don kada in manta. Daga nan kullum in zan biya wani abu shi nake kira. Wani lokaci ma ba sai na kira ba, ya shigo gaisuwa ya ce, "Mama, kawo wayar in share miki tarkace, ta cika." Ya zauna a kan tabarmata, ina zuba masa kunu, yana shara.

Ashe ba tarkace yake sharewa ba. Kuɗi yake turawa asusun wani abokinsa kaɗan-kaɗan, saƙon banki na shigowa ya goge shi nan take. Ban sani ba sai gab da ƙaramar sallah, da na je sayen atamfa da shadda na yaran, mai shago ya sa kati ya ce babu kuɗi. Na ce ya sake sawa. Ya sake, ya ce, "Hajiya, babu." Mutane cike da shagon, yaran suna tsaye sun riga sun zaɓi kalar da suke so. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Da na je banki aka buga min takardar shige da ficen asusun, ga su nan jere, rana da lokaci, duk ranakun da ya shigo gaishe ni. Yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi sosai ba, ta ce da wayata aka yi, da lambata aka yi, don haka a wurinsu ni na tura. Na ce ban tura ba. Ta ce, "To Mama, wa kika ba lambarki?" da wata irin murya kamar tana magana da ƙaramin yaro.

Amma duk wannan bai kai abin da uwarsa ta faɗa ba. Da aka zauna gaban mai unguwa, ga takarda a hannu, matar nan da na yi wa jego ta buɗe baki ta ce ai tsufa ne, na kashe kuɗina na manta, tsofaffi haka suke, yanzu ina neman wanda zan ɗora wa. A gaban maza, a gaban yaran da na koyar. Shi kuma yana zaune ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Kuɗin ban damu da su kamar wannan kalmar ba. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Daga baya da abokin nasa ya ga maganar za ta kai ga hukuma sai ya tona, uban ya zo da dattawa ana ba ni haƙuri, aka ce za a riƙa biya a hankali. An biya wani abu, sauran na bar wa Allah. Ita kuwa har yau ba ta tako gidana ta ce ta yi kuskure ba. Muna haɗuwa a gidan suna da gidan rasuwa, ta kawar da kai. Shekara nawa muna ɗebo wuta a murhun juna. Na yafe kuɗin, amma cewa na rikice don na tsufa, wannan ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, ban kai ba tukuna.

To kin ga dalilin da ya sa ba zan ce ki koma wa ƙaramar waya ki naɗe hannu ba. Ni ba babbar waya ce ta cuce ni ba, da lambobin tauraron nan aka yi, waɗanda ko a ƙaramar waya suna aiki. Wanda bai iya ba dole ya miƙa wa wani, kuma nan ne ɓarnar take. Ko mun ƙi ko mun so an riga an ɗaure mu da abin: BVN, NIN, haɗa layi da NIN da aka yi ta rufe wa mutane layuka a kai, har 'yan fanshon tarayya da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD yanzu ta waya ko kwamfuta suke nuna fuska don tabbatar da suna raye.

Ga yadda na yi bayan abin ya faru. Ban yar da ƙaramar ba, ke ma kada ki yar. Layin da banki ya sani, wanda saƙon kuɗi ke shigowa ta kansa, na mayar da shi cikin ƙaramar, tana cikin jakata, ba mai taɓa ta ko jikan da na fi so. Babbar kuma na sa mata wani layin daban, ita ce ta WhatsApp da sauraron karatu, in yara sun ɗauka ba abin da zai dame ni. Na koma banki da ƙafata na canza lambar sirri, na rufe da tafin hannu na danna da kaina. Kada ki sa shekarar haihuwarki, kada ki sa 1234, kuma kada ki rubuta ta a bayan kati ko a takarda cikin jakar da katin yake. Manhajar banki ki bar ta tukuna, sai hannunki ya faɗa da wayar. Ba gudu ake ba.

Sannan ki nemi malami ɗaya tak. Ni manyan 'ya'yana ba su da haƙuri, suna ƙaunata amma kullum sauri suke. Jikata 'yar aji shida ce ta koya min, don ita ba ta gajiya da maimaitawa, daɗi ma take ji wai tana koyar da Malama. Sharaɗin da na kafa mata shi ne hannunta a bayanta. Ta faɗa da baki, ni in danna da yatsana. In ta miƙo hannu sai in ce a'a. Na samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane abu da shafinsa, yadda ake kira, yadda ake tura saƙon murya, yadda ake duba sauran data, ina zana alamar da zan danna a gefe. Abu ɗaya nake ɗauka in yi ta yi har ya zauna kafin in wuce. Ki fara da saƙon murya, kin danne alamar makirufo kin yi magana kin saki, kin huta da neman haruffa.

Kuma tsoron nan na cewa za ki danna wani wuri ki lalata ta, ki cire shi. Dannawa ba ta fasa waya. In kin ɓace, akwai alamar da ke mayar da ke farko a can ƙasan gilashin, ki danna ki sake shiri.

Af, na manta, ki sa a ƙara miki girman rubutu tun yau. Rabin wahalarmu ta ido ce, ba ta kai ba. Ni na daɗe ina zaton ban gane ba ne, ashe gani ne ba na yi, sai da aka duba aka ce yanar ido ce ta fara rufe min ido ɗaya. In kin daɗe ba a duba miki ido ba ki je, musamman in kina da sukari. Haka kuma lokacin hunturu yatsa kan bushe, ki yi ta shafa gilashin ya ƙi amsawa, ki ɗan murza mai kaɗan a hannu. Kullewa da zanen yatsa ma ni ba ta yi min, wanki da shekaru sun cinye zanen, ko ranar zaɓe da fuska na'urar ta gane ni. Lamba nake sawa.

Yanzu masu kira. Za su kira ki, Hajiya, tabbas, kuma da Hausa mai daɗi da sallama da ladabi. Wani zai ce daga banki yake, BVN ɗinki ta samu matsala za a rufe asusu yau. Wani zai ce kin samu tallafin gwamnati. Wani zai ce daga wannan zauren namu yake, za a yi taro ta waya, an turo miki lamba shida ki karanto masa. Wannan lambar shida ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinki, da kin faɗa ya ƙwace, ya shiga bin 'yan uwanki da sunanki yana cewa kina asibiti a taimaka. An yi wa wata abokiyar aikinmu haka, sai da ƙanwarta ta tura kuɗi. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo. Kada ki tsaya musu da su, kada ki ji kunyar kashewa, ba rashin tarbiyya ba ne. Ki sa malamin naki ya nuna miki inda ake sa wa WhatsApp ƙarin lambar tsaro, amma ke za ki danna.

Kuma don Allah, wannan ba Hajiya kaɗai nake wa ba, har da sauran 'yan zaure: ba duk abin da aka turo ake turawa gaba ba. Kun manta daren da aka tashe mu a 2014 wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola? Masu hawan jini nawa suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Har yanzu ina ganin ana turo mana haɗe-haɗen magani wai a ajiye na likita. Mu da ya kamata mu tsawatar, bai dace a ce daga hannunmu yake fita ba. Waɗannan bidiyoyin ma su ne ke cinye data, ki sa a kashe miki saukarwa da kanta, sai wanda kika zaɓa.

Duk da abin da ya same ni, yau ba zan iya rabuwa da babbar ba. Da ita nake jin tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ina tsinke zogale, da ita nake jin BBC Hausa in rediyo ya ƙi kamawa, da ita na ga jaririyar 'yata ranar da aka haife ta ina Kano suna Legas. Kuɗin magani kuma ni nake turawa da yatsana, in karanta sunan mai asusun da ya fito kafin in sa lamba, in jira saƙo ya shigo in gani da idona.

Shi kuma ɗan naki ki gaya masa gaskiya, aiko da waya ba shi ne ƙarshen hidima ba. In ya zo gida ya zauna da ke ko na awa ɗaya ne, ya ajiye tasa wayar, ya bar ki ki danna. Ki rubuto min wace iri ce taki, Tecno ce ko Itel ko Samsung, don wurin ƙara girman rubutu ya ɗan bambanta a kowace. Jikata tana zuwa ranar Asabar in sha Allah, sai mu yi miki saƙon murya a hankali, ki riƙa tsayarwa kina bi.