Ku Tambaya Mu Amsa: Kunamar bakana ta yi tauri, in kai wa mai walda ya goge ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Ni maharbi ne na gado, da kwari da baka na tashi, to bara yayana da ke zaune a waje ya kawo min tsarabar bakan nan na Turawa mai kunama wanda ake dafawa a kafaɗa kamar bindiga. Ƙarfi kam ba a magana amma kunamar tauri gare ta, sai na yi ta ja ina ja kafin ta saki har hannuna ya motsa saiti ya goce kibiya ta yi gefe. Wani abokina mai walda a Ƙofar Ruwa ya ce in kawo ya buɗe ya goge haƙorin ciki da magagari ya rage sifirin, wai minti goma an gama. Shin in kai masa? Daga mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka kai masa, ba wai na raina aikinsa ba ne, Ƙofar Ruwa akwai gwanayen ƙarfe, amma wannan ba gyaran ƙofa ba ne.

Bakan da ka gada hannunka ne ke riƙe da tsirkiya, in ka fasa harbi sai ka sassauta a hankali shi ke nan. Shi kuwa wannan in ka ɗana shi a ɗane zai zauna ko awa nawa ne, kuma yawancinsu ƙarfin jansu fam 150 zuwa 200 ne, wato kilo 68 zuwa 90, ya fi buhun siminti nauyi. Wata 'yar ƙugiya ce ke riƙe da tsirkiyar, ita kuma wani haƙori ɗan mitsitsi ne ya tokare ta, aikin kunama kawai ta zame haƙorin nan. To shi abokinka ke son gogewa. Yadda aka yanka bakinsa a ma'aikata da lissafi aka yi, magagari na taɓa shi ya karkace ko kaɗan ne to bakan zai iya tashi da kansa, kana tafiya ka yi tuntuɓe ko ka jingina shi ya faɗi. Ga shi sau da yawa saman ƙarfen kawai aka gasa ya yi tauri, in aka goge wannan fatar na ciki mai laushi ne zai yi ta cinyewa, yau lafiya gobe lafiya, ranar da zai suɓuce ba sallama. Garanti ma ya tafi daga ranar da aka buɗe.

Ni a ganina ma ba lallai tauri ne ke damunka ba. Ka ce sai ka yi ta ja kafin ta saki, wannan jan ƙafa ne, kunamar na tafiya tana gurzawa ba ka san inda za ta yanke ba, kuma shi ya fi ɓata saiti. A garin nan namu babban mai jawo shi ƙurar hunturu ce, ta haɗu da man da ake shafa wa hanyar kibiya, tsirkiya ta kwaso su ta tura cikin akwatin kunama su daskare. Sai ka sauke bakan tukuna, ba a ɗane ba, ka kai wurin mai faci ya hura maka iska a ramin, ka bi da tsohon buroshin haƙori. Ban da baƙin mai ban da giris, su ne ma ke kiran ƙurar. Man hanyar kibiyar kuma ka rage yawansa, kar ka kai shi bakin akwatin.

In ka gama sai ka auna, da sikelin hannu mai ƙugiya irin na awon kaya, baka a ɗane kibiya a kai yana kallon buhun da kake gwaji a fili ba kowa a gaba, ka maƙala ƙugiyar a kunama ka ja a hankali ka ga inda ta saki. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu daidai ne ka bar ta haka. In ta haura biyu da rabi to da gaskiyarka.

Nan ne za ka sake kiran yayanka a waya, abin da ake yi shi ne a canja akwatin kunamar dungurungum da wanda aka ƙera don samfurin bakanka. Akwai kamfanin TriggerTech na Kanada, su wani ɗan ƙarfe mai mirginawa suka sa a tsakani maimakon ƙarfe ya gurji ƙarfe, shi ya sa tasu ke yankewa tsaf ba jan ƙafa, kamfanin Barnett mai ƙera irin wannan baka ma irinta suke sawa a bakunansu da dama, ƙarfin janta wajen fam 3, wato kusan kilo ɗaya da rabi. Amma fa ba kowane baka ake yi wa ba, ka ɗauki hoton suna da lambar da ke jiki ka tura masa ta WhatsApp ya tambayi kamfanin da ya ƙera, in sun ce babu to ka haƙura da ta jiki. Ƙasa da fam 3 kuma ni ban ba ka shawara ba, mai shiga daji da asuba yatsa a sandare da sanyi bai kamata a ce kunamarsa taɓa-ni-in-tashi ba ce.

In sabuwar ta zo an ɗaura, ka ɗana ka sa kibiya ka fuskanci buhu, ka sa sefti, wato makullin da ke hana kunama saki, ka ja ka tabbata ba ta saki ba, ka cire sefti ka bubbuga gindin da tafin hannu ka ga ko zai tashi. Kar ka taɓa gwadawa babu kibiya, hannayen bakan na iya tsagewa. Kafin sabuwar ta zo ka riƙa ɗora gaban bakan a kan buhun yashi kana matsa kunamar da tsokar kan yatsa a hankali ba fizga ba, ɗaya hannun kuma babban yatsa ya zauna ƙasa da hanyar tsirkiya, don in ta same shi yanke shi take yi.