Tambaya da Amsa: Da gaske an san ranar da harrar Madina za ta yi aman wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Madina ce, da yara huɗu. An turo saƙon murya a zauren WhatsApp na matan unguwarmu, wai masana sun gano tsakiyar duniya ta daina juyawa, kuma wani Bature mai duba jerin taurari da aka ce ya hango girgizar Turkiyya ya ce ranar 27 ga watan nan harrar bayan gari, wato filin baƙaƙen duwatsun nan, za ta yi aman wuta. Barci ya gagare ni. In kwashe yara mu tafi wajen yayata a Jidda?

Wata 'yar'uwa, Madina

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki bar yara su ci gaba da zuwa makaranta.

Zancen tsakiyar duniya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Tushensa wani bincike ne da masana biyu na Jami'ar Peking suka fitar a Janairun 2023. Cewa suka yi ƙwallon ƙarfen da ke can ciki, a zurfin kilomita 5,150, wanda a da yake ɗan tsere wa sauran duniya wajen juyi, ya sassauta har gudunsu ya zo ɗaya. Bai tsaya ba. Su kansu masu binciken cikin ƙasa suna ta jayayya a kan lissafin, kuma ba abin da ya haɗa shi da harrar Madina.

Harrar kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Harrat Rahat, wato ita harrar Madina, ta yi aman wuta a shekarar 654 bayan hijira, wato 1256, kwana 52 narkakken dutse yana kwarara, ya yi tafiyar kusan kilomita 23 kafin ya tsaya dab da gari. A 2009 kuma Harrat Lunayyir ta motsa a yankin Al-Is, arewa maso yammacin Madina: girgiza sama da 30,000 cikin 'yan watanni, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8, hukuma ta kwashe mutum wajen 40,000. Narkakken dutsen ya taso har saura kamar kilomita 2 ya fito, sai ya tsaya. Dalilin duk wannan shi ne Bahar Maliya tana buɗewa, yankin Larabawa yana janyewa daga Afirka da kusan santimita ɗaya a shekara.

To amma maganar rana, nan ne raina yake ɓaci. Kusan kullum sai an turo mini irin wannan saƙon, yau Madina, gobe Jidda, jibi Yanbu. Hajiya, ki riƙe wannan da kyau: babu mahaluƙin da ya san ranar girgizar ƙasa. Ba Bature ba, ba Balarabe ba, ba mu masu auna girgizar ƙasa da muke zaune gaban na'urar ba. Mun san inda dutse yake shan matsi, mun san yawan matsin da ke taruwa kowace shekara. Amma ki lanƙwasa busasshen karan dawa a hankali, kin san zai karye, ba ki san a wane daƙiƙa ba. Ga shi kuma namu karan yana binne a zurfin da ido bai taɓa kaiwa ba, domin rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, a kilomita 12 ya tsaya.

Kuma kada a ce ba a gwada ba. A 1985 masanan Amurka suka ce garin Parkfield zai girgiza kafin 1993, suka cika wurin da na'urori, ƙasa ba ta motsa ba sai 2004. A China an kwashe mutane kafin girgizar Haicheng a 1975, aka yi zaton an gano bakin zaren. Shekara na zagayowa ta Tangshan ta zo babu sallama, ta kashe mutum fiye da 240,000. Mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan aikin ke nan. Sai wani ya zauna a ɗaki ya duba jerin taurari ya yanke wa gari rana? Jan da taurarin nan suke yi wa duniya bai kai ko kusa da na wata ba, shi kuwa wata kullum yana nan.

Dabararsu ɗaya ce. A duniya ana samun girgiza mai maki 6 ko fiye sama da sau 100 a shekara, kusan duk kwana uku ke nan. Wanda ya yi ta jefa gargaɗi kowane mako, yana ambaton yanki mai faɗin ƙasashe biyar, dole wata rana ya dace. Ranar da ya dace sai a yi ta yayatawa, sauran ranakun da ya faɗi ba wanda ya ƙirga.

Wani zai ce ai rigakafi ne, me ya yi zafi? Ya yi zafi ƙwarai. Tsohuwa mai hawan jini ta kwana a tsorace. Magidanci ya bar aikinsa ya ɗauki iyali ya hau titi cikin dare. Mafi muni, idan aka yaudari mutane sau biyu sau uku, ranar da jami'an Difa'ul Madani, wato hukumar agajin gaggawa, suka ce a fita da gaske, sai a ce ai irin na rannan ne. Wannan shi nake tsoro fiye da harrar kanta. Mai tura saƙon da bai tantance ba ya ji tsoron Allah, firgita Musulmi ba ƙaramin abu ba ne, balle maƙwabtan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ga kuma doka: yaɗa jita-jitar da ke tada hankalin jama'a ta intanet na iya kai mutum ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 3 a ƙasar nan. Mu da muke zaune da iƙama mu ne ya kamata mu fi kowa kiyayewa.

Sauƙin da ke cikin lamarin shi ne dutse mai aman wuta yakan nuna alama. Kafin na 1256 an yi kwanaki ƙasa tana rawa a Madina. Yau Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya, mai hedikwata a Jidda, tana da tashoshin auna girgiza kewaye da harrar. Idan narkakken dutse ya fara hawowa, layin da ke kwance a allon na'ura sai ya cika da ƙananan tsalle-tsalle, suna yawaita suna matsowa sama, ƙasa kuma ta ɗan kumbura yadda tauraron ɗan Adam zai gani. Haka aka gane na Al-Is, kuma sanarwar daga hukuma ta fito.

Abin da ke hannunki yana cikin gida. Ki sa a ɗaure doguwar wadirob da bango, kada ta tsaya a kan gadon yara. Ki duba tiyon tukunyar gas. Takardun iƙama da fasfo su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Ki koya wa yara idan ƙasa ta motsa su shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, kada su ruga matakala, kada su shiga lif. Lambar kiran gaggawa a yankin Madina 911 ce, ki rubuta ta inda babbar 'yarki za ta gani. Saƙon nan kuma ki goge shi, ki roƙi mai kula da zauren ta cire shi kafin ya kai wayar wata mai juna biyu.