Tambaya da Amsa: Tsohuwar Land Rover ta soja ta ƙi zama a silo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Rover Series III mai dogon baya, ta fetur, irin ta soja da aka yi gwanjonta. Da ita nake ɗauko masara daga Giwa. A kan hanya lafiya lau take, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya kama kakkarwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, wani lokaci ta mutu a tsakiyar cunkoson Kwangila. An juya sukurun kafireto har an gaji, ko muryarta ba ta canza ba. In sayi sabo ne? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Injin motarka shi ne mai lita 2.25 da Land Rover ta fara sakawa a 1958, kuma yawancin Series III da kafireton Zenith 36IV suka zo. Kafin a taɓa shi, a tabbatar wuta daidai take, domin gyaran kafireto a kan wuta mara kyau shan wahalar banza ne. Tazarar kwantak milimita 0.35 zuwa 0.40, ta fulogi 0.75 zuwa 0.80, ta bawul kuma 0.25, shiga da fita duka. Wayoyin fulogi su bi jerin 1-3-4-2. A auna da ma'auni, a daina aunawa da ido.

In wannan ya daidaita, to maganarka ta cewa sukurun mai, wato wanda ke daidaita yawan fetur idan injin na silo (yana aiki ba a taka totur ba), ba ya canza komai ita ta nuna inda ciwon yake. Zenith yana da wani hali: zafi da yawan ɗaure noti kan sa murfinsa ya lanƙwashe, ƙaramin zoben roba da ke tsakanin gangar jikinsa da sashen da jet-jet (ƙananan ramukan da fetur ke bi) suke ya bushe ya tsage. Daga nan fetur yana tsiyaya kai tsaye cikin maƙogwaro ba tare da ya bi ta hanyar silo ba, shi ya sa sukurun ya zama hoto. Ka cire bututun iska, injin na silo, ka haska tocila daga gefe, kada ka kai fuskarka saman bakin. In ka ga mai na ɗiga, shi ke nan. Fulogi ma za ka same su baƙi ƙirin da kunkunniya.

Maganin ba tsada. A kwance kafireton, a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, a jiƙa ta, a goga fuskokin da suka lanƙwashe a hankali har hasken ƙarfen ya fito bai ɗaya. A wanke, a sa sabon zoben roba da sabon fakin. Jet ɗin silo da iska ake busa shi. Masu tsokana shi da waya suna faɗaɗa ramin ne, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. A duba fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kafireto, ko ya huje ya sha mai, da allurar da ke rufe mai, don dattin man bumburutu kan maƙale a nan.

Sai saiti, bayan injin ya yi zafi kuma cok a ture. A ɗaure sukurun mai a hankali har ya taɓa, ban da matsewa, a warware shi zagaye 1 da rabi. A ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan har inda injin ya fi gudu da santsi, sannan a sauke gudun da sukurun totur. Warwarewa ƙarin mai ne, ɗaurewa ragi.

Tambaya: Tawa ba ta hayaƙi, amma ba ta silo sai na ja cok. Daga Samaru.

Amsa: Taka akasin ta sama ce, Alhaji: mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. Ko dai jet ɗin silo ya toshe, ko iska na satar hanya ta fakin da ke gindin kafireto, ko ta siririn bututun da ke zuwa distirbuta, ko kuma sandar totur ta cinye. Ka fesa ruwa kaɗan a wuraren, inda muryar injin ta canza nan ne ɓarakar. Kada ka gwada da fetur, domin manifol ɗin salansa yana nan ƙasa da zafinsa. A hunturu kuma ka riƙa wanke tukunyar tace iska, ka zuba sabon baƙin mai zuwa layin da ke jikinta.