Amai ya hana inna sakat bayan ta fara cisplatin, a daina ne?

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba inna lafiya. Kin ce tun da kuka zo Yamai daga Tahoua aka fara yi mata shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da cisplatin saboda sankarar bakin mahaifa, amai take ta yi, dangi kuma suna cewa a bari a koma na gargajiya.

Na yi jinyar yayata da wannan maganin. Daga ƙarfen platinum ake haɗa shi, yana lalata ƙwayoyin halittar jiki da ke saurin hayayyafa, to ba na sankara kaɗai yake samu ba, har na ciki da na jini, shi ya sa aman. Ba wai ciwon ne ya ƙaru ba.

Abin tsoro shi ne ƙoda, wallahi cisplatin na wahalar da ita, dalilin ƙarin ruwan da suke sa mata kenan, ga zafin Yamai ga amai, dole ta dinga kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Kuskurenmu a lokacin, diclofenac, maganin rage ciwo, muka saya ma yayata wajen mai tebur, likita ya yi mana faɗa sosai don shi ma yana wahalar da ƙoda. Saiƙo da jiƙo ma kar a ba ta sai an tambaya.

Maganin amai kuwa a faɗa ma likitanta, suna iya canzawa. In zazzaɓi ya kai digiri 38, ko fitsari ya ragu, ko kunne na mata ƙara, ku kai ta asibiti ran nan ko da dare ne.